Randar da Na Hana Gumi

Ni da jihar Zamfara tsara ne. Mahaifiyata takan ce ina goye a bayanta aka yi ta guɗa a unguwarmu ta Ƙauran Namoda ranar da aka ba mu jiha, kuma ban isa shiga makaranta ba aka ƙaddamar da Shari'a. Don haka ajin da na sani tun farko shi ne wanda 'yan mata ke zama gefe guda cikin fararen hijabai, maza a ɗaya gefen. A kusa da tashar jirgin ƙasa na tashi, yarinya mai yawan tagumi, mai cika bayan littafin lissafi da baitocin waƙa. Da na gama karatun malanta aka tura ni wata firamare a ƙasar Zurmi, kan hanyar Moriki, aka ba ni aji huɗu.

A shekarata ta biyu aka kira wasunmu horo a Gusau. Nan aka miƙa mini kwamfutar hannu mai faɗin allon karatun yara, da ɗan faifan sola na caji, da katuna goma sha biyu, kowanne da zanensa. Mai koya mana ya ajiye kati ɗaya a kan tebur ya ce in duba shi ta gilashin kwamfutar. Na duba. Sai ga curin auduga fari sol ya tsiro a kan teburin, yana juyawa a hankali. Na kawar da kwamfutar, babu komai sai kati. Na mayar, ga auduga. Na yi haka ya fi sau goma, har mai koyarwar ya ce, "Malama, akwai masu jira a bayanki."

Da sharaɗi aka ba mu. Zangon karatu ɗaya za a gwada. A ƙarshensa jami'i zai zo daga ofishin ilimi ya zauna ya ga darasi. In ya gamsu, kwamfutar ta zauna a ajina. In bai gamsu ba, a kai ta wata makaranta a wajen Shinkafi, inda wani malami ke jiran layi. A motar komawa rungume da ita na zauna, kamar an ba ni jinjiri.

Darasinmu na kimiyya a zangon nan shi ne abubuwan da ake yin kaya da su: ƙarfe, itace, roba, gilashi, auduga, fata, yumɓu. Wanne ke da tauri, wanne ke lanƙwasuwa, wanne ke shan ruwa, wanne wuta ke ci. Ranar farko na ɗora katin ƙarfe a bencin gaba na ce su matso biyar-biyar. A cikin gilashin ga bencin nan da zanen da wani ya yi masa da ƙusa, ga yatsun yaran, ga kuma dunƙulen ƙarfe zaune a tsakiya. Wata ta zura hannu ta bayan kwamfutar za ta cafke shi, ta damƙi iska. Wata ta durƙusa ta leƙa ta ƙasa.

"Malama, ina yat tahi?"

"Yana nan."

"Wallahi ba shi nan!"

"To duba ta nan."

"Lah! Ya dawo!"

In na ware yatsu biyu a kan gilashin, sai mu nutse cikin abin. Cikin ƙarfe ƙananan ƙwayoyi ne jere kafaɗa da kafaɗa kamar sahun Juma'a, ba wurin da allura za ta bi. Cikin auduga zare ne ya harɗe da zare, da fili a tsakani, iska na shiga tana fita. Roba kuwa dogayen igiyoyi ne nannaɗe kamar taliya, in an ja su miƙe, in an saki su koma. A ƙasan gilashin akwai ƙananan alamu: ɗigon ruwa, harshen wuta, maganaɗisu, guduma. Wadda ka taɓa, ita za ta auka wa abin a gabanka. Guduma ce abar son yara. Kwalbar gilashin da ke cikin katin nan ta fashe ta haɗe a ajina ban san adadi ba.

Hedimastanmu dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, shi ya raɗa wa kwamfutar suna madubin Malama. Da magana ta zaga gari cewa madubin yana ɗaukar hoton 'ya'ya mata ya aika wani wuri, wani uba ya zo da safe fuska a murtuke. Hedimasta bai yi masa dogon bayani ba. Ya zaunar da shi, ya sa na nuna masa ba a ajiye hoton kowa, sannan ya miƙa masa katin gilashi. Har aka tashi tara mutumin nan yana fasa kwalba yana dariya.

Ni kuwa katin yumɓu ne ya sace mini zuciya. Da farko curin jar ƙasa ne, irin ta bakin gulbi. Sai ya fara juyawa, ya yi wuya, ya yi baki, ya zama kofi. Ya shiga wuta, ya fito fari tas da shuɗin layi a bakinsa, yana ƙyalli kamar an wanke wata. Nakan buɗe shi ko ba darasi, in zauna ina kallo. Yara sun sha roƙona, "Malama, a hwasa shi!" Nakan ce, "Wannan kam a'a." Ban taɓa sa masa guduma ba. Ruwa dai na zuba masa, ya cika shi, ko ɗigo bai fita ba. Na ware yatsu a jikinsa, na ga fata sumul, a rufe ruf. Sai na juya na rubuta a allo da babban rubutu: Yumɓun da aka gasa ba ya barin ruwa ya wuce.

Mu kuma a makarantunmu abin da aka rubuta a allo sai an rera shi. Na faɗa, suka amsa, na faɗa, suka amsa, har ajin kusa da mu ya haddace.

A kusurwar bayan aji akwai randarmu ta ruwan sha, zaune a kan tulin yashi, da faifai a bakinta da moɗa a sama. Kusa da ita wata siririyar yarinya ke zama, ita ke kula da cika ta. Kakarta mai ginin tukwane ce, har kasuwar Shinkafi ake kai kayanta. Yarinyar ba ta cika magana ba, amma ranar ta ɗaga hannu.

"Malama, to mi ya sa randa ke gumi?"

Aji ya fashe da dariya. Na ce, "Wannan ta tsufa ne, yoyo take yi."

"Sabuwa ma tana yi."

"Me muka gani a madubi?"

Ta ce a hankali, "Bai wuce ba."

"To gani ya kori ji."

Ta sunkuyar da kai tana kallon jiƙaƙƙen yashin da ke gefen ƙafarta. Ni ko waiwayarsa ban yi ba.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Da ruwan randa aka yaye ni. Na san yana da sanyi kamar yadda na san dare na da duhu, ban taɓa tambayar dalili ba. Na yi jarrabawa a kan yadda ruwa ke zama tururi ya tashi, na ci, amma ban taɓa haɗa wannan da randar tsakar gidanmu ba. Abin littafi yana littafi, abin gida yana gida.

Da ya rage mako guda jami'in ya zo, zumuɗi ya hana ni zama. Muka share aji, muka cire yanar gizo-gizo, na zana hotuna na manna a bango. Duk inda na juya sai idona ya faɗa kan kusurwar nan: randa baƙi-baƙi, gindinta da gansakuka, yashi a jiƙe kamar an yi ɓari. Kunya ta kama ni. Yaya zan tsaya gaban baƙo in ce gasasshen yumɓu ba ya barin ruwa, ga wannan tana ƙaryata ni a bayan aji? Sai na tuna da ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar ofis.

Ranar Alhamis na sa aka juye ruwan, aka kife ta a rana. Juma'a bayan an tashi na zauna ni kaɗai da gwangwani da buroshi, na shafe ta da shuɗi tun daga wuya har gindi. Asabar na dawo na ƙara wani a kai, na ja mata farin layi a baki. Na ja da baya na dube ta. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. Ta zama yayar kofin nan nawa. Har baiti biyu na yi mata a hanyar komawa masauki. Litinin da sassafe aka cika ta, na zuba sabon yashi, na dawo bayan awa ɗaya na taɓa: a bushe ƙayau. Na ce a raina, na warkar da ke.

Yarinyar ta tsaya a gabanta da bokiti a hannu ta daɗe tana kallo.

Bazara ce, irin wadda kwanon rufi ke ƙara don zafi. Ranar duba darasin, baƙin ba su iso ba sai wajen sha biyu, don motarsu ta jira wasu kafin su kamo hanya tare saboda rashin tsaro. Jami'in da hedimasta suka zauna a benci ta gefen maza. Ta gefen mata aka shimfiɗa tabarma ga iyaye uku da aka gayyato, cikinsu har da wata tsohuwa doguwa mai tsagar Zamfarawa, hannuwanta duk jijiya. Ita ce kakar yarinyar.

Darasin ya tashi kamar tsuntsu. Yaran suka yi ta rige-rigen amsa. Maganaɗisu ya ja ƙusa ya ƙi itace. Wuta ta narka roba, suka toshe hanci kamar da gaske suna jin wari. Jami'in, mutum mai farin gilashi da yawan rubutu, ya taso ya leƙa, ban ankara ba sai ga hannunsa a bayan kwamfutar yana laluben ƙarfe. Yara suka kwashe da dariya, shi ma ya dara. Na ajiye mafi kyau a ƙarshe: na fito da katin yumɓu, kofi ya fito daga wuta, na zuba masa ruwa, na ɗaga hannu, aji ya rera da murya ɗaya:

"Yumɓun da aka gasa ba ya barin ruwa ya wuce!"

Na ga tsohuwar ta ɗago kai.

Daidai nan hedimasta ya ce, "Malama, baƙinmu sun sha rana. A ba su ruwa mana." Yarinyar ta tashi ta ɗebo a kwanon sha, ta durƙusa ta miƙa wa jami'in. Ya kurɓa, ya ɗan tsaya, ya ajiye kwanon a hankali ya ce, "Alhamdu lillahi." Ta ɗebo wani ta kai wa kakarta. Tsohuwar ta kurɓa sau ɗaya, ta dubi cikin kwanon, ta dubi jikarta.

"Ke, wanga na sha ne ko na wankan jego?"

Matan da ke kusa da ita suka rufe baki da gefen hijabi. Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe, ta taka har kusurwar, ta ƙwanƙwasa randar da bayan yatsa, ta ɗora tafin hannu a jikin randar kamar mai duba zazzaɓi.

"Wa yas sa ma randag ga riga cikin zahin ga?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Yoyo take yi, shi ne na gyara."

"Yoyo!" Ta tafa hannu. "Ɗiyata, randag ga ni nig gina ta. Ba ta yoyo. Lumhwashi takai, kinka toshe mata hanci."

Hedimasta ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi. Biron jami'in ya tsaya. Na ji kamar kwamfutar tana zamewa daga hannuna tana kama hanyar Shinkafi. Ga kuskurena rubuce a allo da babban rubutu, ga shi shafe da shuɗin fenti, ga shi kuma a cikin kwanon baƙo.

Na ce, "Amma Inna, zo ki gani. Ga shi nan, ruwan bai fita ba."

Ta zo ta sunkuya, ta ƙanƙance ido. Na zaci za ta tsorata ko ta yi salati, amma kallon sana'a ta yi masa. Ta sa na juya katin ta ga gindinsa, ta ga bakinsa.

"Kyau kam akwai. Wanda yay yi shi ya iya. To hwasa shi in gani."

"A fasa?"

"Mu ba mu sanin tukunya sai mun ga tsingaronta. Hwasa."

Abin da yara suka yi wata uku suna roƙo ke nan. Ajin ya ɗauka gaba ɗaya: "A hwasa! A hwasa!" Na dubi kofina, fari, mai shuɗin baki. Na runtse ido na taɓa guduma.

Ya tarwatse a kan benci. Yara suka yi ihu. Tsohuwar ta nuna wani guntu da farce ta ce, "Shiga nan, ta wajen karayar." Na ware yatsu, muka nutse. Sai ga abin da ban taɓa gani ba, don ban taɓa yarda in duba ba. Ƙyallin nan ashe siririyar fata ce kawai a sama, kamar gilashi, a rufe ruf. A ƙarƙashinta jikin yumɓun ne, ja-ja, cike da ƙananan ƙofofi da lunguna masu bi ta cikin juna kamar gidan tururuwa. Na taɓa alamar ɗigon ruwa. Ruwan ya zame a kan fatar, amma da ya sami wajen karayar sai ya shige, yana bin lungunan nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Na manta da jami'i, na manta da kunya. Na ce da ƙarfi, "Ku zo ku gani! Yana wucewa! Wallahi yana wucewa!"

"Ahaf," in ji tsohuwar. "Shi ma riga anka sa mai. Shi don shayi anka yi shi, rigar ta dace da shi. Randa kuwa da gumi taka sanyi, kamar mutum. Ke in kin yi gumi iska ta buge ki, mi kika ji?"

Nan take abin da na haddace don jarrabawa ya taso ya gamu da randar tsakar gidanmu. Ruwa ya tsattsafo ta ƙofofin, iska ta ɗauke shi, ya tafi da zafin. Na sa kowa ya jiƙa bayan hannunsa ya hura. Yara hamsin suna hura hannu suna cewa, "Sanyi! Malama, sanyi!" Na ce su yi layi, kowa ya taɓa shuɗiyar randa, sannan muka fita zuwa aji uku, inda tasu ke zaune baƙa, da gansakukarta da jiƙaƙƙen yashinta. Tamu ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi, tasu sanyi har cikin tafin hannu. Jami'in da kansa ya bi layi. A can ya sha kwano guda cur bai ajiye ba.

Da muka dawo na ɗauki tsumma na goge layin nan a gaban kowa. Na kira yarinyar.

"Ke ce da gaskiya tun ranar, ni ce ban saurara ba. Faɗi, ni in rubuta."

Ta dubi kakarta, ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "Randa tana gumi don ruwa shi yi sanyi. In an shahe ta, ta bari." Haka na rubuta, ban canza mata ko kalma ba. Aji ya rera, wannan karon har da matan kan tabarma.

Bayan an tashi, jami'in da hedimasta suka tsaya a gindin dogon yaro suna magana ƙasa-ƙasa. Ni ina bakin aji ina goge gilashin kwamfutar da gefen hijabina, ina yi mata sallama a zuci. Sai aka yafuto ni.

"Malama," in ji jami'in, "ruwanki dai ba shi shawuwa."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kofin nan, da ma kin san abin da ke cikinsa?"

Na ce, "Ban sani ba. Tausayinsa nake ji, ban taɓa fasa shi ba."

Ya yi dariya har ya cire gilashinsa ya goge ido. Ya ce a wuraren da ya zaga, yara kallo kawai suke yi su rera. Bai taɓa ganin inda aka tashi aji guda aka je taɓa randa don a gane ko na'ura ta faɗi daidai ba. Ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce kwamfutar ta zauna, kuma sauran katunan ma kowanne a nemo masa ɗan'uwansa na gaske a gari a ajiye kusa da shi. Hedimasta ya ce ya ji ya yarda, amma gwangwanin fenti zai koma ofis a sa masa kwaɗo.

Ban san lokacin da na ruga aji ba. 'Yan matan da suka laɓe a bayan taga sun riga ni ji, suka tare ni da tsalle.

Tsohuwar tana naɗe tabarma ta ce, "Ki zo gida ki zaɓi wata. Amma ki taho da kunnenki, ki bar buroshi." Na je ranar Asabar. Ta jera mini randuna a tsakar gida, ta koya mini ƙwanƙwasa su: mai ƙara kamar ƙararrawa ta gasu, mai amsawa dusu-dusu tana da tsaga a ɓoye. Sai da na ƙwanƙwasa tara kafin ta gyaɗa kai. Ta ba ni ita haɗe da tsingaro guda a kan in kai aji, wai kada in sake jin tausayin fasa abu.

Shuɗiyar ba a yar da ita ba. Da damina ta sauka, rufin ajinmu ya fara zuba, gara ta tasar wa kabad, sai muka rasa inda za mu ɓoye katunan. Yarinyar ce ta nuna ta da baki. Tun daga ranar a cikinta suke kwana, an rufe da faifai, ko laima ba ta taɓa su. Sabuwar kuma tana gefenta a kan yashi, baƙa, marar ado. Kowace safiya kafin in kunna madubi nakan je in ɗora tafin hannuna a jikinta, in ji danshin nan mai sanyi, sannan in ce wa yara su fito da littattafansu.